Awarwaro Shida a Hannun Iya Tabawa

Shekara bakwai ke nan da aka sa wa duk mai ciki a Barikin Dutsen Gawo awarwaron da ke yin ja idan giya ta shiga jininta. Labarin ba ya zuwa wurin likita, ofishin kwamanda yake zuwa, a cire wa miji igiyar muƙami, a karɓe gidan bariki.

Ranar Talata da safe Rifkatu, matar Kofur Bitrus da ke bakin daga, ta je awo da cikinta na wata biyar.

"Sista, ina sha," in ji ta. "Tun da ya tafi. Ina so in bari, na kasa. Kada wannan ma ya zama kamar yayansa Yohanna, shekara takwas bai iya riƙe sunan malaminsa ba."

Sista Asabe ta tura ƙofa. "Maman Yohanna, ban ji ba. Takarda ɗaya gare ni, ta kai ƙara. Ta taimako ba su buga ba tukuna."

"To, in yi yaya?"

"Ina awarwaronki?"

"Yana inda na kowa yake."

A Kasuwar Mami ta bariki, Iya Tabawa mai ƙosai, wadda ko warin burukutu ba ta so, tana juya mai da awarwaro shida a hannu, duka kore shar.

Da la'asar aka yi fareti, aka ba barikin kofin yabo, domin bana ma ko mace ɗaya ba ta sha ba. Rifkatu na layin gaba, an ce masu ciki su tafa.