Jiran Minti Tara

Ranar da sabuwar injiniya ta gyara manhajar gano kurakurai, jiran minti tara kafin ta buɗe ya koma daƙiƙa huɗu.

Bayan mako biyu jiran ya dawo a kwamfuta ɗaya, ta dattijon da ke zama kusa da taga. Shugaban ofishin ya ce wa injiniyar ta binciko dalili. Ta bi rubutun manhajar layi-layi, sai ga umarnin da dattijon ya ƙara da kansa: a jira minti tara.

"Baba, wannan fa?"

"A jiran nan nake kiran mahaifiyata, shekara shida ke nan. Da kika gyara, ta aiko tambaya ko fushi nake da ita."

A rahotonta ta rubuta: kwamfutar ce ta tsufa.