Wutar da Ta Ratsa Bukan Sidi

"Fito, mayya!" Nababa ya daki ƙofar maƙwabciyarsa Iya Sailuba da ƙafa har sakata ta ɓalle.

Da idonsa ya gani bayan sallar isha'i. Wata dunƙulalliyar wuta mai jela ta taso daga saitin rufin tsohuwar, ta haske unguwar Bukan Sidi kamar rana, ta ratsa ta saman gidansa ta ɓace. Ga 'yarsa Rahmatu kwance, zazzaɓi ya ƙi sauka. Wace shaida kuma ake nema?

"Haba Nababa, ni fa na yanke wa yarinyar nan cibiya," in ji tsohuwar.

"Shi ya sa kika san hanyar kurwarta! Ki sakar min 'yata!"

Nan da nan unguwa ta taru. Aka watso tukwanenta waje, aka bi ta da jifa har bakin titi. Ko ɗankwali ba a bari ta ɗauka ba.

Washegari da hantsi, yana ƙofar gida yana huci yana maimaita wa mutane labarin, sai motar haya daga garin Keana ta tsaya. Kwandasta ya sauko da wata tsohuwa, ba takalmi, goshi a fashe, jini ya bushe a zaninta.

Nababa ya zabura. "Inna! Wane ɗan iskan ne ya taɓa ki?"

Mahaifiyarsa ta ɗago kai da ƙyar.

"Maƙwabtana ne. Wai jiya bayan isha'i sun ga wuta ta tashi daga rufin ɗakina."