Ƙarƙashin Katifa

"Jika ɗari na sefa," in ji mai gyara, "kuma sai an aiko da gilashin daga Katsina."

Tsohuwar ta auna abin a zuci. Tunkiyarta da ɗan geron da ya rage a rumbu ba za su kai rabi ba. Kwamfutar kuwa ta buron zaɓe ce, wato ofishin zaɓe, aka damƙa wa ɗanta. Aikinsa na farko ke nan tun da ya gama karatun lakol, kuma jibi zai mayar da ita buron a garin Agye.

"Yaya aka yi ta fashe haka?" mai gyara ya tambaya.

"Daga kabu-kabu na faɗo da ita," in ji ɗan da sauri.

Mai gyara ya shafa tsagar. "Malam, faɗuwa daga gefe take ci. Wannan a tsakiya ta lotsa. Abu mai nauyi ne ya kwana a kanta."

"Na ce maka faɗuwa na yi."

Sai tsohuwar ta tuna. Shekaranjiya da ɗan nata zai fita ya ce mata, "Inna, adana mini wannan, ta fi komai na gidan nan tsada." Ta naɗe ta a sabon zane, ta sa ta inda take ɓoye 'yan kunnenta, ƙarƙashin katifa. Don gudun ɓarawo, ko juyi ba ta yi daga kanta ba har gari ya waye.

"Inna, tashi mu je," in ji shi.

Ya wuce gaba, yana ɗingishin da bai zo da shi ba.