Miyar Abarshi

Zinariya ta ɗanɗana miyar da Abarshi ya kawo mata zaure, ta ɗago ta dube shi.

"Wa ya yi?"

"Ni. Kukun Bature kumandan ke koya mini. Gobe zan bi shi Damagaram in ƙarasa koyo. Za ki jira ni?"

"'Yan mata har waƙa suke mini a rijiya, wai saurayina ya ƙwace mini tukunya. Baba ya ce ka zaɓa, ko murhu ko ni."

Ya sunkuyar da kai. "Ke fa?"

Ta rufe akushin, ta tura masa.

"Gishiri bai ji ba. Tafi ka ƙarasa, ka dawo. Ba zan sha wannan kunya a kan rabin kuku ba."