Haƙorin Makka a Rijiya

Alhaji Shekara yana leƙen rijiyar garkarsa, yana neman gugan da igiya ta tsinke masa, sai tocila ta mutu. Tsohuwar tocila ce ta ƙarfe, murfin gindinta ya yi tsatsa, ba ya buɗuwa sai an sa baki. Ya cije murfin ya murɗe, ya bubbuga pil, wato batir, a tafin hannu, ya mayar ya rufe. Yana sake sunkuyawa sai ya ji wani abu ya ce tsulum a can ƙasa. Ya kai harshe ya shafa, ya ji wayam. Haƙorin Makka ya tafi.

To, haƙorin nan na azurfa shi ne Alhaji Shekara. Tun da ya dawo daga aikin hajji bai ƙara rufe baki ba, ko ta'aziyya ya je sai ya san yadda ya yi aka gani. Yanzu abin da ya rage a wurin ɗan baƙin kututture ne. Ga shi ranar Juma'a zai je garin Kance wurin Sakina, bazawarar da ya daɗe yana bi, wadda ta taɓa gaya masa ido da ido cewa da dariya kaɗai ya fi Alhaji Tanko, abokin takararsa mai mota. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ya ja rawani ya rufe baki, ya nufi rumfar Yunus mai gyaran rediyo a bakin tashar Matameye.

"Yunus, so nake tocilar nan ta haska gindin rijiya da tsakar rana."

"Me ya faɗa ciki, Alhaji?"

"Agogo," in ji Alhaji, ga agogo ɗaure a hannunsa.

Yunus bai ja magana ba. Mutum ne da in aka ba shi gyara sai ya ƙara abin da masu ƙerawa ba su yi tunani ba. Akwai rediyon da ya gyara, har yau ba a san yadda ake kashe ta ba. Ya girgiza tocilar ta yi ƙwaras-ƙwaras, ya zazzage cikinta a kan tebur, ya cire tsohon ƙwan ya yar. Ya ɗauko wani ƙwan LED da ya ciro daga fitilar sola ta bakin titi wadda tirela ta kayar, ya yanka gwangwani ya yi masa mazauni don kada zafi ya cinye shi, ya liƙe da dalma. Pil kuwa na tsohuwar kwamfuta ya zura.

"Ya yi gajere, bai kai murfi ba," in ji Yunus, yana magana da kansa. Alhaji yana waje a kan benci, ya ba mutane baya, yana amsa gaisuwa da ka. Ya dai ji ana bugun guduma a ciki.

Da Yunus ya fito ya danna, rana na tsaka amma hasken ya zana da'ira a bangon tsallaken titi. Wani ɗan kabu-kabu ya zaci jandarma ne, ya juya babur ya bi lungu. Shi kansa Yunus sai da ya duba tocilar, ya ce kai, bai yi zaton za ta kai haka ba.

A garka Alhaji ya haska rijiya, ga komai fili. Ga guga, ga takalmi ƙafa ɗaya, ga butar da ya yi shekara yana zargin maƙwabcinsa da sacewa. Ga wani ƙaton kwaɗo a kan dutse yana lumshe ido. Haƙori kam babu.

Alhaji ya ce lalle haƙorin ya nutse a taɓo. Ya yi hayar injin ban ruwa aka tsotse rijiyar har raken maƙwabci ya sha ya ƙoshi. Ya ɗauko Sa'adu mai yasa, ya ce masa duk abin da ya yi ƙyalli ya miƙo. Sa'adu yana ƙasa yana cika bokiti, Alhaji yana sama riƙe da tocila, yana tace taɓo da rariyar gidansa. An samu murfin kwalba, an samu cokali, har da ƙaramin madubi, wanda Alhaji ya duba ya yi saurin jefarwa.

Juma'a ta zo, Alhaji ya aika Kance cewa mura ta kama shi. Alhaji Tanko kuwa lafiyarsa ƙalau, ya je, ya yi dariya iyakar iyawarsa. Kafin mako ya zagayo aka kawo wa Alhaji Shekara goron sa ranar Sakina da Alhaji Tanko har gida. Ya karɓa, ya yi baƙin ciki, ga shi ko tauna goron ba ya so.

Tocila dai ta yi suna. Ranar da Alhaji ya kai ta caji, baki a rufe kamar kullum, ya tarar da rumfar Yunus cike da masu gadi, da mafarauta, da masu ban ruwa, kowa da tocilarsa a hannu, yana so a yi masa irin ta Alhaji. Yunus ya ce ba za ta yiwu ba. Aka ce rowa ce, ya rantse ba rowa ba ce.

"Ƙwai akwai, pil akwai," in ji shi. "Abin da babu shi ne ɗan farin ƙarfen nan mai kama da haƙori da na tarar a cikin tocilar Alhaji. Shi na daka da guduma na toshe giɓin, kuma wallahi ban taɓa ganin abu mai jan wuta kamarsa ba."