Tsatsa a Ƙarƙashin Fenti

Tunda ka ce aikin naka ya yi kyau a ido, abin da ya rage a ƙasa yake inda babu mai leƙawa, to zauna in ba ka misali.

An yi wani mutum mai sayar da yadi a kasuwa, amma zuciyarsa a kan mota take. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, so ne kawai, irin wanda ba ya jin magani. Ya kafa rumfa a bayan gidansa, da ya taso kasuwa sai ya tuɓe babbar riga ya ɗauki sifana. Tsohuwar motar da kowa ya fid da rai da ita yake saye, ya kwance ta noti-noti, ya ɗora mata injin da ya fi nata, ya sake mata giya da birki da tayoyi, har in ya tayar da ita kajin unguwa su watse. Sai dai haɗawar ya iya, ba shi da zuciyar taka totur. Tuƙin na amininsa ne, wani direban babbar mota da suka tashi tare tun suna wasan ƙasa. In kaka ta yi, masu irin wannan sha'awa sukan taru a wani tsohon titi da aka daina bi a bayan gari, kowa ya kawo abin da ya haɗa a gwada. Direban nan yana da al'ada guda da kowa ya san shi da ita: ba ya tuƙa motar gudu sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya bi ƙarfen yana ƙwanƙwasawa. Ana yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Yakan ce yana da iyali, kuma ƙafafunsa su ne gonarsa.

Wata shekara mai yadi ya samo injin da bai taɓa riƙe irinsa ba, ya cika gari da labarinsa tun kafin ya ɗora shi. Taro ya matso, yana kwance a ƙarƙashin motar yana ɗaure noti na ƙarshe, sai wani ɓawo ja ya faɗo masa a fuska. Ya kai babban yatsa ya danna ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, yatsan ya nutse kamar a busasshen ganye. Tsatsa ta cinye wurin ta ciki. Ba jahili ba ne, ya san maganin: a sauke injin, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, a yi waldar sabo. Ya kuma san in ya yi haka taron bana ya wuce shi, ga bakin da ya riga ya cika. Ya daɗe a kwance yana kallon ramin. Daga ƙarshe ya ce wa ransa ai gudu ɗaya ne, bayan taro sai ya gyara. Ya kwaɓa abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, ya toshe ramin, ya goge, ya bi da baƙin fenti. Abin baƙin cikin shi ne hannunsa ya iya aiki, aikin ya fito sumul.

Ranar taro amininsa ya iso da buhunsa a hammata, ya durƙusa zai shimfiɗa. Mai yadi ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Haba mutumina, yau kuma aikin hannuna za ka bincika a gaban mutane?" Direban ya ji kunya. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Ya naɗe buhun, ya ɗora a kan kujerar motar, ya zauna a kai. Mai yadi ya buɗe baki zai kira shi, sai ya ji jama'a na ta yabon motar, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Motar ta yi gudun da ba a taɓa gani a titin nan ba. Ta bar sauran a baya kamar suna tsaye. A can ƙarshen titi, inda dole a taka birki a karya kwana, nauyin injin ya faɗa kan tayar gaba, ƙarfen ya saki. Tayar ta lanƙwashe, motar ta wuntsila, ta kwanta rigingine cikinta a sama. Aka zaro direban da rai, amma ƙafarsa ta dama, wadda yake ci da iyalinsa da ita, ba ta sake taka ƙasa ba. Waɗanda suka ruga ceto kuwa duk sun gani: fentin ya tsage kamar ɓawon ƙwai, ga jar tsatsa, ga sabon kwaɓi a cikin ramin. Suka dubi ƙarfen, suka dubi mai yadi, suka kawar da kai.

Amininsa bai taɓa yi masa gori ba, bai ma tambaye shi ba. Har yau duk Juma'a mai yadi ne ke zuwa ya tallafe shi ya sa a mota ya kai shi masallaci, yana tuƙi a hankali har masu keke na wuce su. In sun dawo direban yakan ce, "Allah ya saka da alheri." Wannan addu'a ta fi zagi yi masa ciwo, kuma zai ci gaba da jin ta muddin suna raye. Rumfar bayan gida yanzu awaki ke kwana a ciki.

Ka koma ka leƙa ƙasan aikinka tun wani bai hau ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.