Bishiyar da Ba Ta Kan Layi

"Ba nan ba ne," in ji Baba, ya ƙi sauka daga kan dokinsa.

Nan ne kuwa. Shekara arba'in ya yi yana kiwon shanu a filin Takuwarembo, inda ciyawa ke miƙewa har ƙarshen gani. A da, bishiya ɗaya tak ce a wurin. Da ita mahaya ke gane hanya, a gindinta kuma muka binne Mama. Yau mun kawo mata furanni, sai muka tarar kamfani ya cika filin da bishiyoyin yin takarda, sahu-sahu kamar sojoji.

Mai gadin kamfanin ya fito yana dariya. "Tsoho, ku da kuka dame mu da kukan rana, ga inuwa har ta yi muku yawa!"

"Ɗan nan, ina tawa bishiyar?"

"Wannan karkatacciyar? Ai ba ta kan layi, sai aka sare ta."

Baba ya dubi gabas, ya dubi yamma, furannin na hannunsa. Mutumin da bai taɓa ɓata a fili fetal ba, yau cikin dubban bishiyoyi ya rasa gindin da zai ajiye su.